Jiragen ƙunar baƙin wake marasa matuƙa: yadda suke aiki da dalilin da ya sa tsare su ke da wuya

Da wuya mako ya wuce ba a ji a labaran duniya cewa an kai hari da jirage marasa matuƙa ba. Yau a Kyiv ne, gobe a Port Sudan, jibi a Tekun Maliya. A watan Mayun 2025 ma, da rikici ya ɓarke tsakanin Indiya da Pakistan, an ji sunan wani jirgi ƙirar Isra'ila mai suna Harop da Indiya ta aika wa na'urorin tsaron sama da ke Lahore. Abin da ke rikita mai sauraro shi ne suna guda ake laƙaba wa makamai mabambanta. Wani jirgin kuɗinsa ya kai na gina asibiti, wani bai fi kuɗin babur ba. Wani yakan je ya dawo, wani kuwa idan ya tashi ya tashi ke nan. A cikinsu akwai rukunin da sojoji ke kira makamai masu shawagi, waɗanda kafafen labarai suka fi sani da jiragen ƙunar baƙin wake.

Mene ne makami mai shawagi

Jirgin yaƙi maras matuƙi irin wanda aka saba da shi, kamar Bayraktar TB2 na Turkiyya ko Wing Loong na Sin, waɗanda rundunonin Najeriya da na wasu maƙwabta suka saya, yana ɗaukar bam ko roka a ƙarƙashin fukafukansa, ya saki, ya koma sansani a sake masa lodi. Makami mai linzami kuwa, kafin a harba shi an riga an san abin da za a buga da kuma inda yake.

Makami mai shawagi ya ɗebo daga kowane ɓangare. Yana tashi kamar jirgi, yana da kyamara ko wata na'urar gano abokin gaba, amma bam ɗin yana cikin cikinsa, shi kansa jirgin ne zai faɗa kan abin da aka nufa ya tarwatse. Babban bambancinsa da makami mai linzami shi ne ana iya harba shi tun ba a ga abin da za a buga ba. Zai je ya yi ta kewaya yankin da ake zargi, kamar shirwa a saman gidan da ke da 'yan tsaki, har sai abin da ake jira ya fito fili. Idan mai sarrafa shi ya hango kuskure, misali ya ga yara kusa da motar da aka nufa, yawancin samfuran suna ba shi damar janye harin a daƙiƙun ƙarshe, jirgin ya koma sama ya ci gaba da jira. Wasu, kamar Harop, suna iya komawa gida a sauke su idan ba su sami komai ba.

Akwai wasu iri biyu da ake yawan cusawa cikin wannan rukuni. Na farko shi ne Shahed-136 na Iran. Masana da yawa ba sa lissafa shi a cikin masu shawagi na haƙiƙa, domin a asalin ƙirarsa ba ya neman komai da kansa, ana saka masa lambobin wurin da zai je ne, ya bi tauraron ɗan adam har ya isa. Ya fi kama da makami mai linzami mai araha da tafiyar hawainiya. Na biyu su ne ƙananan jiragen nan masu farfela huɗu da ake kira FPV, waɗanda asalinsu na wasan tsere ne, aka ɗaura musu gurneti ko kan roka, soja ya sanya tabarau mai nuna masa abin da kyamarar jirgin ke gani, ya tuƙa shi har cikin ƙofar tanka. Duka ukun tafiyar da ba dawowa suke yi, shi ya sa sunan ƙunar baƙin wake ya haɗe su.

Inda abin ya samo asali

Matsalar radar, wato na'urar da ke hango jirage daga nesa, ita ce ta haifi wannan makami. Tun daga yaƙin Vietnam, sojojin sama suna da makamai masu bin siginar radar su buge ta. Masu radar sai suka gano dabara mai sauƙi: da zarar sun ji alamar hari, su kashe na'urar, makamin ya rasa abin bi, bayan an wuce su sake kunnawa. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Israel Aerospace Industries ya fito da Harpy, jirgin da zai iya shafe sa'o'i yana kewaya. Mai radar ya shiga tsaka mai wuya: in ya kunna a buge shi, in ya bar ta a kashe jiragen yaƙin abokan gaba su wuce ba wanda ya gan su. Isra'ila ta sayar da Harpy ga ƙasashe irin su Turkiyya, Indiya, Koriya ta Kudu da Sin, kuma cinikin Sin ɗin ya jawo mata saɓani mai zafi da Amurka a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da aka mayar da jiragen domin a inganta su.

Amurka ta bi ta wata hanyar. Sojojinta a Afghanistan suna buƙatar abin da ƙaramar tawaga za ta mayar da martani da shi ga masu kwanton ɓauna ba tare da jiran jirgin yaƙi ba. Kamfanin AeroVironment ya ƙera Switchblade 300, mai nauyin kilo biyu da rabi, wanda soja ke goyawa a jaka. Ana harba shi daga wani bututu, fukafukansa su buɗe a sama, ya yi tafiyar kilomita goma, ya yi shawagi na kimanin minti 15, da abin fashewa kwatankwacin gurneti.

Duniya ta fara lura sosai a Nagorno-Karabakh, yankin da Azabaijan da Armeniya suka yi ta rikici a kansa. A watan Afrilun 2016 wani Harop na Azabaijan ya faɗa kan bas ɗin da ke ɗauke da 'yan sa-kai na Armeniya, mutum bakwai suka mutu. A yaƙin kwana 44 na 2020 Azabaijan ta haɗa Harop da Bayraktar TB2 ta rusa na'urorin tsaron sama na Armeniya, sannan ta bi tankoki da manyan bindigogi ɗaya bayan ɗaya, tana sakin bidiyon a intanet. Har yau masana na muhawara kan ko jiragen ne suka ci yaƙin, ko kuwa tsufan kayan Armeniya da raunin shirinta ne suka sauƙaƙa aikin, domin a ƙarshe sojojin ƙasa ne suka hau tsaunuka suka ƙwace garin Shusha. Duk da haka, bayan wannan yaƙi ne ma'aikatun tsaro da dama suka fara neman sayen irin makaman.

Abin da aka gani a Yukren

A bakin daga, makamin Rasha da ya fi yin suna shi ne Lancet na kamfanin ZALA, wanda aka fara nunawa a 2019. Nauyinsa kusan kilo 12 ne, abin fashewarsa kilo uku, yana da fukafukai masu siffar gicciye gaba da baya, injinsa na lantarki ne, saboda haka ba a jin sa sai ya zo kusa. Ba ya aiki shi kaɗai. Wani jirgin leƙen asiri ne ke can sama yana duban ƙasa, idan ya hango bindigar atilare ta yi harbi daga cikin bishiyoyi, sai ya aika da wurin ga 'yan tawagar Lancet da ke ɓoye kilomita 30 ko 40 daga nan. Su kuma su ɗora jirgin kan majaujawar ƙarfe su cilla shi. Kafin masu bindigar su gama naɗe kayansu su bar wurin, ya iso. Jirgin leƙen asirin yana nan yana ɗaukar hoton yadda aka yi, wanda daga baya zai zama kayan farfaganda. Ta wannan hanya Yukren ta yi asarar bindigogin M777 da na'urorin radar masu yawa da ƙasashen Yamma suka ba ta.

Sakamakon shi ne an sami wani fili mai faɗin kilomita da dama a kowane gefen layin daga wanda duk abin da ya motsa a cikinsa ana ganinsa. Tara tankoki wuri guda domin a kutsa, dabarar da rundunoni suka dogara da ita tun Yaƙin Duniya na Biyu, ta zama kasada. Kai abinci da harsashi ga sojan da ke rami, ko ɗauko wanda ya ji rauni, ya koma aikin dare ko na ranar hazo. Wannan na daga cikin dalilan da layin daga ke motsi a hankali duk da ɗimbin rayukan da ake asara.

Can nesa da daga kuma Shahed ne ke aiki. Rasha ta fara amfani da shi a watan Satumbar 2022 da sunan Geran-2, kuma a ranar 17 ga Oktoban wannan shekara mazauna tsakiyar Kyiv suka gan shi da idonsu yana faɗowa kan gidaje. Tsawonsa mita uku da rabi, nauyinsa kusan kilo 200, yana ɗaukar abin fashewa kilo 40 zuwa 50, sababbin samfura har 90. Gudunsa bai wuce kilomita 185 a awa ba, amma yana iya cin nisan da ya haura kilomita dubu. Injin fetur ne da shi mai ƙara, har mutanen Yukren suka raɗa masa suna ɗan babur. Iran ta fara musanta cewa ta ba Rasha, daga baya a Nuwambar 2022 ministan harkokin wajenta ya amsa cewa sun ba da kaɗan kafin yaƙin. Yanzu Rasha ke ƙera nata a yankin masana'antu na Alabuga da ke Tatarstan. A farko ana aika goma ko ashirin a dare. A daren 7 ga Satumbar 2025 rundunar saman Yukren ta ce an aiko mata da sama da 800, ciki har da na bogi marasa bam da ake haɗawa domin su cinye harsasan masu tsaro. Kwanaki kaɗan bayan haka kusan ashirin suka tsallaka cikin Poland, ƙasar da ke cikin ƙawancen NATO.

Yukren ma ta ƙera nata masu dogon zango tana buga matatun man Rasha da su, kuma a 2024 ta kafa reshen soja na musamman domin jirage marasa matuƙa. A ranar 1 ga Yunin 2025 ta ɓoye ƙananan jirage 117 a cikin manyan motoci, aka kai su kusa da sansanonin sojan sama a cikin Rasha, har Siberiya, suka tashi suka ƙona manyan jiragen sama masu ruwan bama-bamai a inda aka ajiye su.

Lissafin kuɗi

Ƙarfin waɗannan makamai ba ya cikin girman fashewarsu. Jirgin yaƙi guda yana iya sakin bam mai nauyin da ya ninka na Shahed sau goma. Ƙarfinsu yana cikin araha. Ƙiyasin kuɗin Shahed guda yana tsakanin dala dubu 20 zuwa dubu 50, wasu na kai shi sama da haka, Lancet kuma kusan dala dubu 35. Makamin Patriot guda ɗaya na kakkaɓo abin da ke sama yana kaiwa dala miliyan huɗu. A Tekun Maliya jiragen ruwan yaƙin Amurka sun yi ta harba makamai na kusan dala miliyan biyu kowanne domin kakkaɓo jiragen 'yan Houthi na Yemen da ba su kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Mai tsaro yana iya harbo tara cikin goma amma ya zama shi ne ke asara, kuma na goman da ya wuce zai iya ƙona taransifomar da sai an yi shekara kafin a sami madadinta.

Kayan haɗa su ma ba sirri ba ne. Masu binciken ƙungiyar Conflict Armament Research da suka warware tarkacen Shahed sun tarar yawancin kayan lantarkin cikinsa na kamfanonin ƙasashen Yamma ne, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa domin wasu ayyukan daban. Takunkumi na iya tsauwala farashin irin waɗannan kaya, amma hana su tafiya gaba ɗaya yana da wuya. Abin ya kai ga Amurka da kanta ta kwaikwayi siffar Shahed ta ƙera nata mai araha da ake kira LUCAS.

Raunin makamin da hanyoyin kariya

Ba su da gudu, ba su da sulke, kuma yawancinsu sun dogara da sigina. Nan ne masu tsaro suka fi kai farmaki: a toshe siginar da ke tsakanin jirgi da mai sarrafa shi, ko a ruɗe shi da siginar tauraro ta ƙarya ya ɓata hanya. Yukren ta kafa dubban na'urorin sauraro a kan turaku a faɗin ƙasar domin jin ƙarar injin Shahed, sai a sanar da tawagogin da ke yawo a motocin a-kori-kura da manyan bindigogi da fitilu. Tsofaffin motocin kakkaɓo jirage na Jamus masu suna Gepard, waɗanda aka riga aka yi wa ritaya, sun dawo da daraja. Daga baya aka fito da ƙananan jirage masu farautar 'yan uwansu a sama, domin a daidaita lissafin kuɗin.

Kowace dabara kan jawo kishiyarta cikin 'yan watanni. Rasha ta shafa wa Shahed baƙin fenti saboda dare, ta sa masa eriya mai jure toshewa, ta sa yana tashi can sama inda bindiga ba ta kai. A bakin daga aka fito da FPV mai jan siririn zaren gilashi a bayansa, tsawon kilomita goma zuwa ashirin, wanda hoto da umarni ke bi ta cikinsa, saboda haka babu siginar da za a toshe. Maganinsa ya koma na gargajiya: an yi wa tankoki rumfar ƙarfe, an shimfiɗa raga a saman hanyoyi na tsawon kilomitoci, har da tsofaffin komar masunta da aka tattaro daga ƙasashen Turai.

Wa ke yanke hukuncin kisa

Tunda toshe sigina ne babban makamin masu tsaro, masu ƙera jiragen sun karkata ga sa musu ƙirƙirarriyar basira, ta yadda idan hulɗa ta yanke jirgin zai ƙarasa harin da kansa. Harpy tun asali haka yake, amma radar yake nema, ba mutum ba. Damuwar ta ƙaru ne da rahoton kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan Libiya da ya fito a Maris 2021, wanda ya ce a shekarar da ta gabace ta an bi sojojin Khalifa Haftar da ke ja da baya da makamai irin su Kargu-2 na kamfanin STM na Turkiyya, waɗanda aka tsara su kai hari ba tare da haɗi da mai sarrafawa ba. Rahoton bai ce sun kashe wani a wannan yanayi ba, kamfanin kuma ya ce mutum ne ke ba da umarnin hari.

Matsayin ƙasashe ya rabu. Kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa da Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres sun yi kira a Oktoban 2023 da a kammala yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe zuwa shekarar 2026, wadda za ta haramta makaman da ke zaɓar mutane su kashe da kansu, ta kuma taƙaita sauran. Hujjarsu ita ce na'ura ba ta iya auna ko mutum ya miƙa wuya, ko ɓarnar da za a yi wa farar hula ta zarce amfanin harin, kuma idan ta yi kuskure babu wanda za a kama da laifi kai tsaye. A Disambar 2023 ƙasashe 152 suka goyi bayan ƙudurin farko na Babban Zauren Majalisar kan batun, huɗu suka ƙi, cikinsu da Rasha da Indiya. Ƙasashen ECOWAS ma sun taru a Freetown a Afrilun 2024 suka nemi a yi dokar.

Amurka da wasu ƙawayenta suna ganin dokokin yaƙi da ake da su sun wadatar idan aka bi su, sun fi son ƙa'idoji na son rai. Suna kuma kawo hujja mai nauyi: makamin da ke gani kafin ya buga, wanda ake iya janyewa, ya fi harsashin atilare da ake harbawa a makance sauƙin ɓarna. Rasha na son a bar maganar a teburin Geneva, inda ake tattaunawa tun 2014 kuma ba a zartar da komai sai kowa ya yarda.

Akwai abin da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kansa ba, wato kasancewar mutum a gaban allo ba ta ba da tabbacin komai. A Tudun Biri da ke Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna, ranar 3 ga Disambar 2023, mutane ne suka kalli hoton masu Maulidi suka ɗauke su 'yan bindiga, jirgin soja maras matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85. Wannan jirgi ba mai shawagi ba ne, amma raunin iri ɗaya ne: ingancin bayanan sirri, horon mai kallo, da kuma ko akwai wanda zai amsa tambaya bayan an yi kuskure. A Kherson da ke Yukren kuwa ba kuskure ake zargi ba. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a Mayun 2025 sojojin Rasha suna bin farar hula da ƙananan jirage da gangan, ya kira hakan laifin cin zarafin bil'adama.

Yadda abin ke shafar talaka

Jirgi irin Shahed ya fi dacewa da abin da ba ya motsi kuma yake da saurin kamawa da wuta, wato tashar lantarki, rumbun mai, tashar jiragen ruwa. Waɗannan kuwa rayuwar farar hula ce ta rataya a kansu. A Sudan, inda ake yaƙi tun Afrilun 2023, hare-haren da aka ɗora wa dakarun RSF, masu yaƙi da sojan ƙasar, a kan tashar lantarki ta madatsar Merowe a farkon 2025 sun jefa jihohi da dama cikin duhu, kuma idan wuta ta ɗauke famfunan ruwa da injinan asibiti ma sun tsaya. Daga 4 ga Mayun 2025 aka shafe kwanaki ana buga Port Sudan, birnin da ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga fagen daga, wanda dubban 'yan gudun hijira suka fake a cikinsa. Rumbunan mai suka yi ta ci da wuta, jiragen agaji suka dakata na wani lokaci. Gwamnatin Sudan ta zargi Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da samar da makaman ta yanke hulɗa da ita, Daular ta musanta. Ita ma rundunar sojan Sudan tana amfani da jiragen Iran da na Turkiyya, kuma ana zarginta da kashe farar hula.

Tasirin kan kai har aljihun wanda bai san ana yi ba. Harin 14 ga Satumbar 2019 a kan cibiyoyin man Saudiyya na Abqaiq da Khurais, wanda aka haɗa jirage da makamai masu linzami, ya tsayar da ganga miliyan 5.7 a rana, kusan rabin abin da ƙasar ke haƙowa, farashin mai a kasuwar duniya ya tashi da kusan kashi 15 cikin ɗari a yini guda. 'Yan Houthi suka ɗauki alhaki, Amurka da Saudiyya suka ce Iran ce.

Akwai kuma hanyar da ta biyo ta neman aiki. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ruwaito cewa an ɗebi 'yan mata kusan 200 masu shekara 18 zuwa 22 daga ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya, Uganda, Kenya da Saliyo, ta tallace-tallacen intanet masu alkawarin karatu da aiki a Rasha, suka tsinci kansu suna haɗa jiragen yaƙi a masana'antar Alabuga, wurin da Yukren ta riga ta kai wa hari.

A yankin Tafkin Chadi da Sahel, abin da aka gani zuwa yanzu ƙananan jirage ne na kasuwa da aka yi wa kwaskwarima. An ruwaito ISWAP ta yi amfani da irinsu masu ɗauke da gurneti a kan sansanin soja na Wajiroko a Jihar Borno cikin Disambar 2024, ƙungiyar JNIM ma tana yin haka a Mali da Burkina Faso. Ba su kai Lancet ba, balle Harop. Sai dai sansanonin yankin an gina su ne domin tare mai zuwa ta ƙasa, da rami da buhunan yashi, kuma na'urorin toshe sigina suna da tsada, suna buƙatar wuta da masu horo. Ana sa ran hukumomi za su ƙara matsa wa shigo da ƙananan jirage da amfani da su, matakin da zai taɓa masu ɗaukar hoton biki, masu auna filaye, 'yan jarida da manoman da suka fara feshi da su, alhali masu ɗauke da makamai ta fasa-ƙwauri suke samun nasu.